Shin Ko Kun San? Tactics Ogre, Wasan Bidiyon da Ya Ƙi Yi wa Yaƙi Kwalliya

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin wasannin bidiyon da suka fi nuna munin yaƙin ƙabilanci ya fito ne tun ranar 6 ga Oktoba, 1995, a ƙasar Japan? Sunansa Tactics Ogre: Let Us Cling Together. Wani ƙaramin kamfani mai suna Quest ne ya yi shi domin na'urar Super Famicom ta Nintendo, kuma duk labarinsa da kiɗansa da filayen dāgarsa an cusa su ne a kaset ɗin da ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce megabait 3 ba.

Shin ko kun san irin wasan da ake nufi idan an ce na dabarun yaƙi na bi-da-bi? Wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana dara ya riga ya fahimci rabinsa: ka ɗaga naka, ka jira abokin karawa ya ɗaga nasa. Fili a yanke yake gida-gida, kowane soja yana tsaye a gida ɗaya. Idan layi ya zo kansa sai ya taka iya inda ƙafarsa za ta kai, ya kai sara ko ya saki kibiya, sannan ya zaɓi inda zai fuskanta. Saurin yatsa ba ya amfanar da kowa a nan. Kana da damar ajiye na'urar ka je ka yi salla ka dawo, ka tarar da maharbin abokan gaba yana nan inda ka bar shi, yana jiran kuskurenka.

Ko kun san wanda ya tsara wasan kuma ya rubuta labarinsa, Yasumi Matsuno, shekararsa 29 kacal lokacin da aka fitar da shi? An haife shi a 1965. Hiroshi Minagawa da Akihiko Yoshida ne suka riƙe ɓangaren zane, Hitoshi Sakimoto da Masaharu Iwata kuma suka yi kiɗa.

Kun san kuwa daga ina Matsuno ya ɗauko ƙashin bayan labarin? Daga yaƙe-yaƙen da suka wargaza Yugoslabiya a farkon shekarun 1990, inda maƙwabtan da suka shekara aru-aru suna cin kasuwa ɗaya suka wayi gari suna farautar juna da sunan ƙabila da addini. A lokacin da ake rubuta wasan, birnin Sarajevo yana cikin ƙawanyar da aka yi masa tun Afrilun 1992, wadda ba a ɗage ba sai Fabrairun 1996. Kisan kiyashin Srebrenica, inda aka hallaka Musulmin Bosniya maza da samari sama da 8,000, ya faru ne a Yulin 1995, wata uku kafin kaset ɗin ya shiga kasuwa. Yaran Japan da suka saye shi suna ganin hotunan Bosniya a labaran talabijin da daddare, sannan su kunna na'ura su tarar da irin wannan masifa a cikin wasa.

Shin ko kun san sunan wasan daga waƙar Turawa aka aro shi? Matsuno masoyin mawaƙan Birtaniya ne da ake kira Queen. Rabin sunan na biyu ya fito daga wata waƙarsu ta 1976 da Brian May ya rubuta, wadda ke da baitoci da harshen Japananci. Wasan da ya riga wannan, Ogre Battle na 1993, shi ma daga waƙoƙinsu na 1974 ya samo suna.

Ko kun san ƙasar da ake gwabzawa a kanta ƙirƙirarriya ce? Tsibiran Valeria ake ce mata, kuma ƙabilu uku ne a cikinta: Galgastan masu rinjayen yawa, Bakram masu riƙe da babban birni da dukiya, sai Walister 'yan tsiraru. Sarki Dorgalua ya haɗa kansu da ƙarfin takobi, ya mulke su lafiya, ya mutu bai bar magajin da aka sani ba. Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka raba ƙasa. Wani babban limamin coci, Brantyn, ya kama arewa da sunan Bakram, ya gayyato daular Lodis ta waje ta turo masa baradenta. Shugaban Galgastan, Balbatos, ya ƙaddamar da shirin ƙare dangi a kan Walister. Kai kuma mai wasa an ba ka Denam, saurayi daga garin Golyat da aka ƙona, tare da yayarsa Catiua da amininsa Vyce, su uku suna neman fansa.

Ga abin da ya sa har yau ake maganar wasan nan. Shin ko kun san a ƙarshen babinsa na farko ana umartar mai wasa ya kashe mutanensa da hannunsa? Garin Balmamusa sansani ne inda Galgastan suka tsare 'yan Walister 5,000 suna yi musu aikin bauta. Shugaban Walister, Ronwey, wanda kai ne ka fito da shi daga kurkuku, ya tura ka ka tayar da su su ɗauki makami. Ka ci masu gadi da yaƙi, ka shiga wurin mutanen, sai ka tarar da tsofaffi da gajiyayyu waɗanda wahala ta cinye. Suka ƙi tashi. A ganinsu gara bauta da rai da 'yancin da za a biya da sauran 'ya'yansu. Nan kwamandanka Leonar ya ja ka gefe ya faɗa maka sauran umarnin da aka ɓoye maka: idan sun ƙi, a saka kayan sojan Galgastan, a kashe su duka, kar a bar ko ɗaya. Labarin kisan zai fusata sauran Walister su haɗa kai, ya kuma raba kan Galgastan a cikin gida. Sai allo ya tsaya da zaɓi biyu, ka yarda ko ka ƙi. Babu agogon da ke ƙirga maka lokaci, babu wanda zai zaɓa maka.

Kun san kuwa ko ka ƙi, mutanen Balmamusa ba su tsira ba? Leonar da sauran sojoji za su aiwatar da kisan, sannan a ɗora maka laifin, a sa lada a kan kanka, ka koma ɗan gudun hijira a cikin ƙasarka. Wannan a wurina shi ne wurin da marubucin ya nuna ya san abin da yake yi. Da wani ne, da ya bar ƙofar da jarumi zai bi ya ceci kowa. Matsuno ya rufe ta, domin saurayi ɗaya ba ya tare shirin da manya suka riga suka ƙulla. Abin da ke hannunka kawai shi ne ko za a sa hannunka a ciki.

Ko kun san Vyce kullum kishiyar zaɓinka yake ɗauka? Idan ka yarda da kisan, shi ne zai tsaya ya la'ance ka, ya fita ya kafa tasa ƙungiyar, ya zama mutumin kirki da jama'a ke bi. Idan ka ƙi, shi ne zai zare wuƙa ya shiga cikin masu kisan, hassadar da ya daɗe yana ɓoyewa ta fito fili, ƙarshensa a wannan tafarki kuwa igiyar rataya ce. Akwai masu sukar wannan, suna cewa ta yaya mutum ɗaya zai zama waliyyi a nan, azzalumi a can. Ina ganin suna da hujja rabi. Sauran rabin kuwa, duk wanda ya taɓa ganin abotar da gasa ta ci ƙarfinta ya san akwai mutumin da matsayinsa a kullum shi ne duk inda ba ka tsaya ba.

Shin ko kun san tafarkin wanda ya yarda da kisan shi wasan ya kira tafarkin Doka, na wanda ya ƙi kuma tafarkin Hargitsi? Ma'aunin a nan biyayya ce ga shugabanni. Akwai kuma tafarki na uku, na tsaka-tsaki, wanda ke ɓullowa a ƙarshen babi na biyu ga wanda ya ƙi kisan amma daga baya ya amince ya koma ƙarƙashin Ronwey. Kowane tafarki da nasa yaƙe-yaƙen, da nasa mutanen da za su bi ka, da waɗanda za su mutu. A babi na huɗu ne hanyoyin ke haɗuwa.

Ko kun san akwai wata maharbiya, Arycelle, da ɗan'uwanta ya mutu a Balmamusa, wadda ke bin sawunka domin ta kashe ka ko da kuwa ba ka da hannu a kisan? Ƙaryar da aka yaɗa ita ta ji, ita ta yarda da ita.

Mu leƙa filin dāga kaɗan. Shin ko kun san a wasan nan nauyin kayan soja shi ke yanke lokacin da layi zai zo kansa? Yawancin wasannin wancan zamani, irin su Fire Emblem da ya fara fitowa a 1990, rundunarka duka ke motsawa, sannan ta abokan gaba duka. A Tactics Ogre kowane mutum da nasa lissafin. Barde mai sulke da kwalkwali da garkuwa da gatari yana shan duka bai faɗi ba, amma kafin ya ɗaga ƙafa sau biyu, mai 'yar wuƙa da rigar fata ya ɗaga sau uku. Wanda ya tsaya bai yi komai ba, layinsa na gaba yana saurin dawowa. Saboda haka ko zaman jira dabara ce.

Kun san tudu ya fi takobi daraja a wannan wasa? Maharbin da ya hau rufin ɗaki ko kan ganuwa, kibiyarsa tana wuce iyakar da aka zana masa. Wanda ke ƙasa kuwa sai ya ga tasa ta cake a bango. Kibiyar baka tana lanƙwasa ta tsallake kan mutum, ta bakan da ake ɗanawa kuma miƙe take tafiya, idan ɗan'uwanka ya tsaya a hanya shi za ta soka. Ruwan sama yana rage saiti. Wanda ya shiga kogi ya zama abin harbi. Sara ta baya ta fi ta gaba samun shiga, shi ya sa juyawar da soja ke yi a ƙarshen motsinsa take da muhimmanci. Ana iya ture mutum da garkuwa ya faɗo daga bene, ko ya faɗa rami ya tafi ke nan. Akwai wani yaƙi a farkon wasan da ake ajiye ka a gindin ganuwa, maharba da matattun da aka tayar suna sama, kowane taki da ka yi zuwa sama da jini kake biyansa.

Ko kun san a cikin rundunarka akwai mutum mai fukafukai, Canopus, wanda duk wanda ya buga wasan ke tunawa da shi? Ka ba shi baka, ya tashi ya sauka a kan hasumiya, ya hana kowa sakat. Gaskiya ƙarfinsa ya yi yawa, har yana sauƙaƙa wasu yaƙe-yaƙen fiye da kima.

Shin ko kun san matsafa a wasan na asali da hannu wofi suke shiga yaƙi? Ƙarfin tsafinsu daga sifili yake farawa yana taruwa a hankali. Wanda ya yi gaggawar watsa ƙananan tsafi ba zai sami na babba ba lokacin da ake bukata.

Ko kun san sojan da ya mutu a fitowar 1995 ya mutu ke nan? Ba a tayar da shi a yaƙi na gaba. Kowane soja yana da suna, har ɗan hayar da ka ɗauka a kasuwa da kuɗi. Ka horar da shi awa ashirin, ka saya masa sulke, ka sauya masa sana'a daga ɗan ƙafa zuwa barde, kibiya ɗaya daga inda ba ka lura ba ta raba ku. Kafin ya faɗi kuma sai ya furta kalmarsa ta ƙarshe. A nan ne tsarin bi-da-bi ya fi kowane tsari dacewa da labarin yaƙi. A wasan harbi na gudu-gudu, mutum yana iya cewa abu ya zo masa ba shiri. A nan ka zauna, ka duba, ka ga lissafin yiwuwar sara a rubuce, ka tura yaron nan gidan da ka tura shi. Babu wanda za ka ɗora wa.

Shin ko kun san abokan gaba ma suna da suna da dangi? Shugabannin rundunonin da kake karawa da su suna magana kafin faɗa da lokacin faɗuwa, wasu suna kiran 'ya'yansu, wasu suna tambayarka me suka yi maka. Akwai matar da za ta tare ka domin ɗaukar fansar mijinta da ka kashe a faɗan baya. Wasan yana da wani kundi a ciki da ake kira Warren Report, da sunan wani tsohon masanin taurari na cikin labarin. Kundin yana tara labaran da ke yawo a gari, da tarihin mutanen da ka haɗu da su. A sabbin fitowar wasan, idan ka buɗe shi bayan yaƙi za ka tarar da ɗan taƙaitaccen tarihin kwamandan da ka kashe ɗazu, daga ina ya fito, me ya kawo shi soja, a ƙarshe kuma a rubuta cewa a hannunka ya mutu. Yana kuma ƙirga maka adadin mutanen da ka kashe daga kowace ƙabila.

Kun san kuwa sojojinka suna iya guduwa su bar ka? Kowannensu yana da ma'aunin biyayya. Idan ɗan Galgastan ne a rundunarka kuma kullum 'yan ƙabilarsa kake sa shi sara, zuciyarsa za ta yi ta sanyi har wata rana ka neme shi ka rasa. Bayan wannan akwai wani ɓoyayyen lissafi na yadda kowace ƙabila ke kallonka, kuma yana taɓa yadda labarin zai ƙare.

Wanda bai son a ɓata masa labari ya tsallake wannan sakin da na bayansa. Shin ko kun san Denam, wanda ya zubar da jini domin Walister, asalinsa Bakram ne? Mahaifinsa ɗan'uwan Brantyn ne, mutumin da ya kawo sojojin waje. Catiua kuma ba yayarsa ta jini ba ce, 'yar Sarki Dorgalua ce da aka ɓoye. Saurayin da aka ce ya kashe dubbai domin ƙabilarsa ya wayi gari ba shi da ɗigon jininta.

Ko kun san cin yaƙi ba ya ba ka kyakkyawan ƙarshe? Catiua tana iya mutuwa a babi na huɗu, gwargwadon amsoshin da ka ba ta. Idan ta rayu ita ke hawa gadon mulki. Idan ta mutu kai ake naɗawa, kuma idan ƙabilun ƙasar ba su yafe maka ba, ɗan bindiga zai tare ka a wurin naɗin. Idan ma sun yarda da kai, labarin yana rufewa ne da rundunar Lodis a kan hanya. Akwai kuma Lanselot Hamilton, jarumin da ya taimake ka tun ranar farko, wanda kowane yaro mai wasa ke so ya zama kamarsa. An kama shi, an azabtar da shi a kurkuku, idan ka neme shi a ƙarshe za ka same shi zaune a gidan jinya bai san inda kansa yake ba. Ba a nuna azabar a allo. Abin da ta bari ake nuna maka.

Shin ko kun san wasan yana da nasa abin tsoron na fatalwa da ƙwarangwal? Matattun da aka tayar, idan ka kayar da su, bayan ɗan lokaci suna miƙewa su ci gaba da faɗa, sai dai idan limamin rundunarka ya kore su gaba ɗaya. Uban wannan aika-aika wani matsafi ne, Nybeth, wanda yaƙin basasa ya zame wa kakar girbi: gawa ta yi arha, shi kuma gwaji yake yi a kan gawa yana neman sirrin dawwama. Ko iyalinsa bai bari ba. A ɗaya daga cikin tafarkunan, wani barden da kuka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa zai dawo maka a matsayin gawa mai tafiya, kai ne kuma za ka sake kwantar da shi. Maɓoyar Nybeth wani gini ne na ƙarƙashin ƙasa mai hawa 100, Fadar Matattu. A can ake samun wani tsafi da ke mayar da sojanka takobi har abada: ka rasa mutum, ka sami makami mai ɗauke da sunansa. Wasan ba ya hana ka, ba ya kuma yi maka wa'azi.

Ko kun san akwai wasu wasannin bi-da-bi da suka haɗa yaƙi da dodanni kai tsaye? Operation Darkness, wanda ya fito a Japan a 2007 a kan Xbox 360, ya ɗauki Yaƙin Duniya na Biyu ya sa sojojin Birtaniya masu rikiɗa kyarkeci suna faɗa da mashaya jini na 'yan Nazi. Masu sharhi sun yi ta kuka da kyamararsa, wadda ke hana mutum ganin filin da yake yaƙi a kai. Achtung! Cthulhu Tactics na 2018 shi ma 'yan Nazi ne da halittun duhu. Ana jin daɗinsu na ɗan lokaci. Matsalarsu a ganina ita ce da zarar an ce aljani ne ke bayan kisan, an sauke wa ɗan Adam kayansa. A Tactics Ogre Nybeth yana gefe ne, yana tsintar abin da masu mulki suka zubar. Wanda ya ba da umarnin Balmamusa mutum ne mai hankali, mai iya magana, wanda mutanensa ke ƙauna.

Kun san waɗanda suka fi kusa da shi a niyya? Valkyria Chronicles na kamfanin Sega, 2008, ya nuna sansanin bautar da wata ƙabila da ake tsangwama, ko da yake launukansa masu taushi da barkwancinsa suna rage wa abin ɗaci. Warsaw na 2019, aikin wani kamfanin Poland, ya bi boren birnin Warsaw da ya fara ranar 1 ga Agusta, 1944, ya yi kwana 63. This War of Mine na 2014 ba na bi-da-bi ba ne, amma daga ƙawanyar Sarajevo shi ma ya sha ruwa, kuma fararen hula ya sa a gaba. A 2020 gwamnatin Poland ta sanar da sa shi cikin jerin abubuwan da ake ba ɗalibai shawarar nazarta.

Shin ko kun san Tactics Ogre yana da aibobinsa, kuma ba ƙanana ba? A fitowar farko, idan abokin gaba ya fi sojanka da mataki biyu ko uku, saranka ba ya yi masa komai. Dole ka koma filin atisaye ka raba rundunarka biyu su yi ta dukan juna, sabon soja yana jifan tsoho da dutse har ya girma. Awanni ke tafiya a wannan aikin da babu daɗi babu labari. Sannan akwai baƙin da wasan ke haɗa ka da su waɗanda kwamfuta ke sarrafawa: an ce ka ceci mutum, shi kuma ya ruga cikin tsakiyar abokan gaba ya mutu kafin ka isa. Sharuɗɗan samun wasu mutanen kuma a ɓoye suke ƙwarai, sai wanda ya tambaya ko ya yi sa'a.

Ko kun san Turawa sun daɗe ba su same shi ba? An kai shi Sega Saturn a 1996, PlayStation a 1997, duk a Japan. Amurka ta samu a 1998 ta hannun kamfanin Atlus, da fassarar da ba ta kai darajar labarin ba. Nahiyar Turai sai 2011.

Kun san a Japan kaset ɗin farko ya sayu sama da 500,000? A 2006 kuma masu karanta mujallar Famitsu suka zaɓe shi na 7 a jerin wasanni 100 da suka fi so a tarihi.

Shin ko kun san bayan kammala shi Matsuno da Minagawa da Yoshida suka koma kamfanin Square? A can suka yi Final Fantasy Tactics a 1997, wanda ya fi Tactics Ogre suna a ƙasashen waje har mutane da yawa suka ɗauka shi ne uba, alhali shi ne ɗa. Vagrant Story ya biyo baya a 2000. A 2002 Square ta sayi sashen wasanni na Quest, jerin Ogre ya koma hannunta.

Ko kun san an sake gina wasan sau biyu? Na farko a kan PSP, ranar 11 ga Nuwamba, 2010, inda tsofaffin ma'aikatan suka sake haɗuwa. Alexander O. Smith da Joseph Reeder suka yi sabuwar fassarar Turanci, mai nauyi irin ta tsofaffin littattafai. Rundunar da kake fita da ita ta ƙaru daga mutum 10 zuwa 12 a manyan yaƙe-yaƙe. An ƙara sabbin mutane, ciki har da Ravness, jarumar da jininta rabi Walister rabi Galgastan, wadda ta tsaya a Balmamusa ta ce ba da ita ba. An kawo damar mayar da yaƙi baya har motsi 50, da damar komawa mararrabar labari bayan an gama wasan domin a ga inda ɗaya hanyar ta nufa. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun ce wannan ya rage wa zaɓi nauyi. Game da mayar da motsi baya na yarda da su, gara mutum ya yi ƙoƙari ya kame hannunsa. Game da komawa mararraba kuwa ban yarda ba, domin sai ka bi tafarkin Doka ka ga yadda kisan ya kawo wa Walister nasara da gaske, sannan za ka gane girman tambayar da aka yi maka.

Na biyu shi ne Tactics Ogre: Reborn, ranar 11 ga Nuwamba, 2022, a kan PlayStation 4 da 5, Nintendo Switch da kwamfuta. Kun san abin da ya sauya? An sa wa mutanen murya da Turanci da Japananci, an sake ɗaukar kiɗan da makaɗa na gaske, an kafa iyakar matakin da runduna za ta kai a kowane sashe na labari, saboda haka ba za ka yi ta atisaye har ka fi ƙarfin wasan ba. Wannan iyaka ta yi mini daidai, ta mayar da hankali kan tsara runduna. Abin da bai yi mini ba shi ne katunan ƙarin ƙarfi da ke faɗowa a fili barkatai, har wani kwamandan abokan gaba ya fara yaƙi da su a jikinsa ya share maka barde da sara ɗaya. An kuma goge tsohon zanen an yi masa santsi, ya rasa kaifinsa.

Iyaye, ko kun san ƙananan mutanen da ke tsalle a allon nan suna iya yaudarar ido? Zanen kamar na yara ne, babu jini mai malala, amma maganar ciki ta manya ce: kisan kiyashi, azabtarwa, rataya, kisan kai. Akwai kuma tsafi, da gumakan da aka ƙirƙira domin labarin, da katunan duba da ake buɗe wasan da su. Ba na ba da shawarar a miƙa wa ƙaramin yaro. Saurayi ko budurwar da suka mallaki hankalinsu kuma suke jin Turanci sosai, su ne za su amfana, musamman idan akwai babba a kusa da za su tattauna da shi bayan Balmamusa.

Wanda zai fara yau, ya nemi Reborn, shi ne mafi sauƙin samu. Ya ware masa awa arba'in zuwa sama, ya riƙa buɗe kundin Warren bayan kowane yaƙi, kuma a karon farko kar ya tambayi kowa wace amsa zai ba Leonar. A cikin wasannin dabarun yaƙi na bi-da-bi da suka taɓo munin yaƙi, ni dai wannan na sa a gaba.